Ƙurar Zinariya Da Ma'aunin Ilmi Mai Amfani

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya ba ɗan Adam hankali Ya kuma ɗora masa nauyin yin aiki da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsarin Ubangijinsa daga ilmin da ba shi da amfani. Kowane almajiri ya san wannan addu'a, amma ba kowa ne ya tsaya ya tambayi kansa da wane mudu ake auna amfanin ilmi ba. A wurin yawancin mutane amsar a fili take. Ilmin addini yana da amfani domin yana gyara ibada, ilmin likita yana da amfani domin yana warkar da mara lafiya, ilmin akawu kuma yana kawo albashi a ƙarshen wata. Duk abin da ya fita daga wannan, a ganinsu, ɓata lokaci ne da wahalar da ƙwaƙwalwa. Wannan mudu yana da sauƙin riƙewa, sai dai yana da tsaga a gindinsa, kuma tarihin wani masani ɗan ƙasar Masar ya isa ya nuna inda tsagar take.

An haifi Shehun Malami Mustafa El-Sayed a shekarar 1933 a garin Zifta, a bakin Kogin Nilu, arewa da birnin Alƙahira. Ya gama digirinsa na farko a Jami'ar Ainu Shams a 1953, sannan ya tafi Amurka ya yi digirin digirgir a Jami'ar Jihar Fulorida. A 1961 ya kama aikin koyarwa a Jami'ar Kalifoniya ta birnin Los Anjelis, inda ya zauna shekara 33. Fanninsa shi ne mahaɗar ilmin sinadarai da ilmin fiziks, kuma tambayar da ya ba ƙuruciyarsa ita ce: idan haske ya faɗa a kan ƙwayar sinadari ta haɗiye shi, ina ƙarfin hasken yake tafiya, kuma cikin wane ɗan lokaci? A 1963 ya fito da wata ƙa'ida game da saurin da ƙwayar ke sauyawa daga wani hali zuwa wani bayan ta sha haske, wadda har yau ake karantar da ita da sunansa. A 1990 aka ba shi Kyautar Sarki Faisal ta ilmin kimiyya a ƙasar Saudiyya.

To, a duk waɗannan shekaru babu mara lafiya ko ɗaya da za a nuna a ce ga shi nan ya warke saboda binciken Mustafa El-Sayed. Da za a auna shi da mudun da aka ambata a sama, da sai a ce mutum ne da ya ƙare ƙarfinsa wajen kallon haske a ɗaki mai duhu.

A 1994, yana da shekara 61, lokacin da tsararrakinsa suke shirin ajiye aiki, sai ya koma babbar makarantar fasaha ta Jihar Jojiya a birnin Atlanta, ya buɗe sabon babi. A can ne ya mai da hankalinsa ga ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, musamman na zinariya. Domin a gane ƙanƙantarsu, sai mai karatu ya dubi milimita ɗaya a jikin rular ɗan makaranta, ya ƙaddara an raba ta gida miliyan ɗaya. Kowane kashi ɗaya shi ake kira nanomita. Kaurin silin gashin mutum ya kai kimanin nanomita 80,000, alhali kuwa ƙwayar zinariyar da ake magana ba ta wuce kamar nanomita 20 ba, watau sai an jera guda 4,000 kafin su ƙetare kaurin gashi ɗaya. Ba a turmi ake daka ta ba. Narkar da zinariyar ake yi a cikin ruwan sinadari, sannan a sa ta sake ɗaurewa ƙwaya ƙwaya.

Abin mamaki shi ne, idan zinariya ta yi wannan ƙanƙanta sai ta bar launinta na rawaya da aka san ta da shi, ruwan da take ciki ya koma ja wur kamar zoɓo. Dalili kuwa shi ne, ƙwayoyin lantarkin da ke jikinta suna kaɗawa gaba ɗaya idan haske ya taɓa su, sai su haɗiye koren da ke cikin hasken, ido ya ga jan da ya rage. Abin da suka haɗiye kuma zafi yake komawa nan take. Idan aka sauya siffar ƙwayar daga dunƙule zuwa ɗan dogon sanda, sai ta koma haɗiyar wani haske da ke gaba da ja, wanda ido ba ya iya gani, amma yana ratsa nama da jini ya shiga ɗan nisa. A nan ne shekaru talatin na kallon haske suka soma biyan bashi, domin ba mai iya sarrafa wannan al'amari sai wanda ya riga ya san hanyar da ƙarfin haske yake bi.

A 2005 shi da ɗalibansa, tare da ɗansa wanda likitan fiɗa ne a birnin San Faransisko, suka liƙa wa ƙwayoyin zinariya wani sinadarin garkuwar jiki mai gane alamar da ta yi yawa a jikin ƙwayoyin ciwon daji na baki. Sai ƙwayoyin zinariyar suka taru a kan masu ciwon, suka sa su ƙyalli a ƙarƙashin madubin likita. A 2006 suka nuna cewa idan aka yi amfani da masu siffar sanda, aka haska musu hasken leza, zafin da suke fitarwa yana kashe ƙwayoyin ciwon da kimanin rabin ƙarfin da ake bukata kafin a kashe lafiyayyu. Wannan duk a cikin faranti aka yi shi a ɗakin bincike. Daga baya aka gwada a kan ɓeraye, sannan a 2016 aka ba da rahoton gwajin da aka yi a Alƙahira a kan karnuka da kyanwoyi masu ƙarin mama. Amurka ta ba shi babbar lambar yabonta ta kimiyya ta shekarar 2007, ƙungiyar masana sinadarai ta ƙasar kuma ta ba shi tata mafi girma a 2016.

Amma gaskiya ɗaya ce, kuma wajibi ne a faɗe ta. Kusan shekara 20 bayan wancan gwaji na faranti, wannan hanya ba ta shiga cikin magungunan da aka saba yi wa masu ciwon daji a asibitoci ba. Hasken ba ya wuce 'yan santimita a cikin jiki, saboda haka ƙarin da ke can ciki yana da wuyar kaiwa. Zinariyar kuma tana taruwa a hanta da saifa ta daɗe ba ta fita ba, dole ne a tabbatar da abin da hakan zai haifar bayan shekaru. Wasu masu bincike na Jami'ar Rice a Amurka sun ƙera wata irin ƙwayar mai ɓawon zinariya, aka gwada ta a kan maza 16 masu ciwon dajin furostet, aka buga sakamakon a 2019, ya kuwa ba da ƙarfin gwiwa. Sai dai mutum 16 gwaji ne, ba hukunci ba ne.

A nan ne mai suka zai miƙe, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce: mutum ya yi fiye da shekara 50 yana bincike, an kashe dukiya mai yawa, an ba shi lambobin yabo, amma maganin bai iso ba. A shekarar 2022 kaɗai zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutum kimanin 600,000 a duniya, kusan kashi ɗaya cikin uku a Nijeriya, yawancinsu ƙananan yara, alhali maganinsa sananne ne mai araha. Ashe bai fi kusa da tsoron Allah ba a ce wannan ƙwaƙwalwa da wannan kuɗi an juya su ga abin da zai ceci rai yau? Ashe wannan ba shi ne ilmin da aka nemi tsari daga gare shi ba?

Amsar farko tana cikin zazzaɓin da mai sukar ya ambata. Duk wanda ya taɓa kai yaro ɗakin shan magani ya ga ɗan farin katakon roba da ake ɗiga wa jini daga yatsa, a jira minti 15 ko 20, idan layi biyu suka fito a ce akwai zazzaɓin cizon sauro. Jan layin nan da ake gani, a yawancin irin waɗannan kayan gwaji, ba wani abu ba ne illa ƙwayoyin zinariya da aka liƙa wa sinadarin garkuwar jiki, suka taru a wuri ɗaya. Haka yake a yawancin abin gwajin ciki na mata, haka kuma a na cutar korona da aka yi ta amfani da shi daga 2020. Watau zinariya ta riga ta shiga ƙauyukan da ko wutar lantarki ba su da ita, tana raba wa ma'aikacin lafiya gardama.

To, daga ina wannan ya faro? A 1857 wani masani ɗan Ingila, Michael Faraday, ya ba da bayanin jan ruwan zinariya da ya haɗa, ya kuma ce launin daga ƙanƙantar ƙwayoyin yake. Ba ya neman maganin kome, haske kawai yake son ya fahimta, kuma kwalabensa suna nan ajiye a Landan. A 1908 wani Bajamushe, Gustav Mie, ya fitar da lissafin da ya bayyana dalilin launin. Sai a 1971 aka fara liƙa wa ƙwayoyin zinariya sinadarin garkuwar jiki, shekara 114 bayan Faraday. Tun kafin su duka ma, maginan tukwane na Iraƙi a zamanin Abbasiyawa, cikin ƙarni na 9, suna yi wa kwanukansu wani fenti mai walƙiya wanda binciken zamani ya nuna ƙananan ƙwayoyin azurfa da jan ƙarfe ne, ko da yake su ba su san dalilin ba. Da mai sukar nan ya tarar da Faraday yana kallon kwalbarsa, da irin wannan magana zai faɗa masa, kuma da an bi shawararsa, da yau babu jan layin da ake dogara da shi. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Wannan shi ne tsagar da ke gindin mudun. Ɗan Adam yana auna amfani da tsawon ransa, alhali kuwa ilmi ya fi mai shi tsawon rai. Shari'a ba ta ɗora wa mutum ganin 'ya'yan abin da ya shuka ba, shukar ta ɗora masa. Imamu Ahmad ya ruwaito hadisin da ke umurtar wanda Alƙiyama ta riska da dashen dabino a hannunsa ya dasa shi idan ya sami iko, ga shi kuwa ba wanda zai ci wannan dabino. Kuma a cikin abubuwa uku da hadisin Muslim ya ce ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, akwai ilmin da ake amfana da shi, wanda ke nuna cewa sau da yawa amfanin yakan zo ne mai shi yana cikin kabari. Suratuz Zalzala kuma ta sanar cewa aikin da bai fi nauyin ƙwayar zarra ba yana cikin lissafi, saboda haka ƙanƙantar abu ba hujjar raina shi ba ce.

Ita kanta zinariya tana koyar da wannan darasi ta wata fuska. Musulunci ya haramta wa maza yin ado da ita, ya haramta wa kowa ci da sha a cikin kwanonta, kuma aya ta 34 ta Suratut Tauba ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu taskace ta da azurfa ba su ciyar a hanyar Allah. Duk da haka Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito labarin sahabi Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulabu tun zamanin Jahiliyya. Ya sa aka ƙera masa na azurfa, sai ya yi wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi ya yi na zinariya. A kan wannan ne malaman mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halilu, suka togace hanci da ɗaurin haƙori daga haramcin. Hikimar kuwa ita ce zinariya ba ta tsatsa, ba ta saurin cuɗanya da ruwan jiki, kuma wannan ɗabi'ar ce dai ta sa masu bincike na yau suka zaɓe ta. Ƙarfen ɗaya ne, amma a cikin akwatin marowaci azaba ne, a fuskar Arfajatu kuma rahama. Haka ilmi yake: hukuncinsa yana bin abin da aka nufa da shi da inda aka kai shi.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 bayan Hijira, ya yi bayanin wannan a farkon littafinsa Ihya'u Ulumid Dini. Ya sanya ilmin likita da na lissafi a cikin farillan kifaya, watau waɗanda idan gari ya rasa mai yin su duk mutanen garin sun yi laifi. Ya kuma koka da cewa garuruwa da yawa a zamaninsa ba su da likita Musulmi, alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani na fiƙihu, domin ta nan ake samun alƙalanci da riƙon dukiyar waƙafi. Idan likitanci farilla ne, to, ilmin da likitanci ba ya tsayuwa sai da shi ya bi shi a hukunci, bisa ƙa'idar da malaman usulu suka kafa.

Sai dai kada a ɗauka cewa da wannan an wanke kowane bincike da kowane mai bincike. Niyya dai tana cikin zuciya, Allah kaɗai Ya san ta, kuma lambar yabo ba shaidar ikhlasi ba ce, ga Mustafa El-Sayed ko ga waninsa. Amma akwai abubuwa biyu da suke a fili, waɗanda mutane za su iya riƙe masani da su.

Na farko shi ne gaskiya. Masani ya faɗi abin da ya gano, ya faɗi iyakarsa, kada ya mai da gwajin faranti ya zama albishir na waraka. Wannan nauyi yana kan 'yan jarida ma, domin sau da yawa akan ga babban kanun labari cewa an gano maganin ciwon daji, alhali ɓeraye ne aka gwada wa. Mara lafiyar da ya ji haka yakan rataya zuciyarsa a kan abin da ba ya nan, wani ma ya jinkirta fiɗar da likita ya ce a yi masa da wuri, har ciwon ya bazu. Ya fi tsanani a kan masu yawo da lasifika suna sayar da ruwan kwalba suna cewa yana maganin kowace cuta. Hadisin Abu Dawuda ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani ba a san shi da ilmin likita ba, kuma aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta hana mutum bin abin da ba shi da saninsa. Imani da cewa kowace cuta Allah Ya saukar mata da magani dalili ne na ci gaba da nema. Bai zama izni ga kowa ya ce ya samu alhali bai samu ba.

Na biyu shi ne ilmin ya isa ga mabukata, kuma a nan ne mai suka yake da rabin gaskiya, sai dai ya kai ƙararsa gidan da ba nan ba ne. A shekarar 2010 aka gano cewa yara fiye da 400 sun mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara saboda gubar dalma. Iyayensu talakawa ne masu neman abin sawa a baka, suna kawo duwatsun zinariya cikin gidaje suna niƙa su, ƙurar mai ɗauke da dalma tana sauka a ƙasar da yara ke rarrafe. Sanin cewa dalma guba ce ba sabon ilmi ba ne, an san shi tun ɗaruruwan shekaru. Abin da ya kashe waɗannan yara ba haƙurin wani mai bincike a Atlanta ba ne, rashin wanda zai ɗauki ilmin da ke hannu ya kai ƙauye ne. Haka batun zazzaɓi yake. Mai gano abu ya sauke nasa nauyin. Saura na mahukunta da mawadata da malamai, waɗanda a kansu yake su kai shi inda ake bukata. Al'ummar da take da hankali tana yin biyun ne a lokaci ɗaya: ta ba mara lafiyar yau maganin da ke akwai, ta kuma ciyar da wanda ke neman maganin gobe.

Akwai kuma wani abin lura ga Musulmi musamman. An saba, idan aka ji sunan wani ɗan ƙasar Musulmi ya yi fice a Turai ko Amurka, sai a yi ta alfahari, a jero sunayen magabata irin su Ibnul Haisam wanda ya yi binciken haske a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, daga nan a koma a kwanta. Kayan aro ba ya rufe katara. Ɗan Zifta ya yi aikinsa a ƙasar da ta gina masa ɗakin bincike ta kuma yi haƙuri da shi shekara da shekaru ba ta ce ya kawo riba ba. Farillar kifaya ba ta sauka daga kan mutanen wani gari don wani gari mai nisa ya yi ta. Tambayar da ke kan kowane mawadaci da kowane mai mulki ita ce, da a ce wannan yaro a garinsu aka haife shi, shin da ya sami wanda zai ɗauki nauyinsa shekara talatin yana kallon haske?

Saboda haka uban da ɗansa ya zo ya ce yana son karatun sinadarai ko lissafi, kada ya yi gaggawar ce masa wannan ilmin duniya ne mara lada, ko kuwa ba a cin abinci da shi. Ya koya masa tauhidi da salla da tsarki, waɗanda ba a ɗauke wa kowa su, sannan ya gyara masa niyya ya sake shi. Ɗalibin kuma ya sani cewa mai yiwuwa ne ya ƙare ransa bai ga 'ya'yan aikinsa ba, kamar yadda Faraday bai ga jan layin gwajin zazzaɓi ba, kuma wannan ba asara ba ce matuƙar ya yi gaskiya a aikinsa, bai ɓoye abin da ya sani ba.

Allah Ya azurta al'ummar Musulmi da ilmi mai amfani, Ya ba marasa lafiyarsu sauƙi, Ya ba masu nema haƙuri da gaskiya. Allah ne Mafi sani.